Gida a Kan Jak

A Amurka akwai wata irin mota da za mu iya kira motar-gida: gado a ciki, murhu a ciki, firji da banɗaki duk a ciki, direba kuma yana zaune a falo yana murza sitiyari. An yi yayinta a shekarun 1970. Kamfanin Winnebago da ke Forest City a jihar Iowa ya riƙa fito da nasa masu kusurwa huɗu kamar akwatin lefe, GMC kuwa ya ƙera guda 12,921 daga 1973 zuwa 1978 a Pontiac ta jihar Michigan, dogaye sumul masu taya shida. Yau wasunsu sun doshi shekara hamsin, wasu sun wuce. Katifa tana nan daram, labule bai yage ba. Inji ne ya gaji.

A manyan cikinsu injin ba a ƙarƙashin bonet yake ba. Yana tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza, an kife shi da wani murfi da masu motar ke kira ɗakin kare. In za a sauke shi, ko a ɗaga motar a zaro shi ta ƙasa, ko a kwance mata fuska, ko a rataya shi a sarƙa a bi da shi ta falo, yana ɗigar baƙin mai a kan kafet, har a fita ta ƙofa. Duk wanda ya yarda ya shiga wannan aiki da hankalinsa, to ya cancanci a zauna a dube shi da kyau.

Malam Lissafi shi ne ke fara tsokano maganar sauya inji. Motarsa tana da injin Chevrolet 454 mai lita 7.4, wanda ke shan lita guda ta fetur a kilomita uku da ɗan ɗoriya. Yana da littafi da yake rubuta kowane ɗigon mai da ya saya tun ranar da motar ta shigo hannunsa. Ya tattara, ya raba, ya gano cewa sabon inji zai ƙara masa kusan kilomita ɗaya a kowace lita, ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Lissafin babu kuskure ko ɗaya. Abin da ya manta bai sa ba shi ne motar sau biyu take barin ƙofar gida a shekara, ɗaya daga ciki ma zuwa wanki ne. In ka yi masa wannan tuni sai ya sake buɗe littafin, ya yi ta danna kalkuleta, can ya ɗago ya ce ai jikokinsa za su ci ribar.

Sarkin Dizal ba ruwansa da littafi. Shi amsarsa ɗaya ce ga kowace tambaya a duniya: injin Cummins mai lita 5.9, mai bawul goma sha biyu, irin wanda Dodge ya riƙa sa wa a-kori-kurarsa daga 1989 zuwa 1998. Ka ce masa rufin motarka na yoyo, zai ce ka sa Cummins. Gaskiya injin ya cancanci kirari, don ba ya buƙatar kwamfuta, kuma yakan ga bayan motar da aka haife shi a cikinta. Sai dai nauyinsa ya kai kimanin rabin tan, gaban motar ya durƙusa kamar raƙumi zai ɗauki kaya. Ga shi dogo a tsaye, ɗakin kare ba ya rufuwa sai an kira kafinta ya ƙara masa hawa guda. Dizal kuma ba ya juyawa da saurin injin fetur, don haka in aka bar masa tsohuwar giya mai hawa uku, sai ya yi ta ruri a kan babbar hanya manyan tireloli na wuce shi. A sake giya ke nan, a sake lagireto, a sake salansa. Ranar da komai ya kammala aka cika tanki da dizal, ranar ce Sarki ke tunawa janareton motar na fetur ne, kuma daga wannan tankin yake sha. Ko a jikinsa. Zai tayar da injin, cokula na rawa a durowa, ya matso kusa da kunnenka ya ƙwalla: "Ka ji yadda yake shiru?"

Ɗan Gargajiya da Ɗan Kwamfuta kuwa ba a ajiye su a inuwa ɗaya. Na farkon yana da GMC, kuma a wurinsa cire injin Oldsmobile 455 daidai yake da sayar da gidan gado. Har yau bai yafe wa kamfanin ba da ya koma ƙaramin 403 a 1977. Yana da ɗan uzuri: GMC da tayoyin gaba take ja, da giyar da aka aro daga Oldsmobile Toronado, ba kowane inji ke auruwa da ita ba. Iyakar rangwamen da zai yi maka shi ne Cadillac 500, shi ma don dangi ne. Na biyun ya je filin matattun motoci ya kwaso injin LS, jinsin da General Motors ya fito da shi a 1997, a farashin da yake faɗa wa kowa ko ba a tambaye shi ba. Injin ya shiga cikin kwana uku. Wayoyin ne suka ci wata goma sha ɗaya. Za ka same shi zaune a gefen gado, kwamfuta a cinya, wayoyi kala-kala sun baje a ƙasa kamar taliya, yana neman wadda ke hana injin tashi. Ɗan Gargajiya yakan leƙo ta taga ya ce shi da sukurdireba ɗaya yake gyara kafiretarsa. Ba ya faɗin cewa kullum cikin gyaranta yake.

Wanda na fi tausayi a cikinsu shi ne Malam Tunda-An-Buɗe. Bawan Allah gasket ɗaya ya je canjawa. Tunda an buɗe, bari a duba ringi. Tunda ringi sai an sauke inji, bari a sa sabo gaba ɗaya. Da injin ya fita sai aka ga birki a fili, da aka cire kafet don kada ya ɓaci sai aka ga katakon ƙasa ya ruɓe, da aka ɗaga katako sai ga tankin ruwa ya tsage. Yanzu shekara ta huɗu, motar na kan jak babu inji, babu gado, babu ƙasa, shi kuma yana zaɓen launin labule. Gasket ɗin tana nan a ledarta a kan firji.

Kusa da shi kullum akwai maƙwabci mai kujerar naɗewa. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma wani surukinsa ya taɓa yin irin wannan aiki a yini biyu.

Akwai kuma masu tawali'u, 'yan ƙananan motocin-gida da aka ɗora a bayan a-kori-kurar Toyota, irin su Dolphin da Sunrader. Injin da yawa daga cikinsu 22R ne, silinda huɗu, lita 2.4, an ɗora masa ɗaki da kicin an ce ya haura duwatsun Colorado. Mai irin wannan mota ya san bayan kowace tirela a ƙasar, ya kuma saba da jerin gwanon da ke taruwa a bayansa. Wata rana haƙuri ke ƙarewa, ya cusa mata V8 na Lexus. Daga ranar ba a sake jin tawali'u a bakinsa. Ɗan uwansa mai Volkswagen Vanagon shi injin Subaru yake sawa, ya bar tambarin Jamus a gaba, Japan na aiki a baya.

Mai motar-gida na jihar Kalifoniya lauya ne da ƙarfi da yaji. Dokar can ta ce motar fetur ƙirar 1976 zuwa sama sai an gwada hayaƙinta, injin da za a ɗora kuma dole ya zama sa'an motar ko ƙaninta, da duk kayan tace hayaƙinsa, sannan jami'i ya duba ya manna takarda. Shi ya sa mai ƙirar 1975 ke tafiya yana ɗaga kafaɗa, mai ƙirar 1976 kuwa fayil ɗinsa ya fi akwatin sifanunsa nauyi.

Uwargida ba ta shiga gardamar fetur da dizal. An yi mata alkawarin zuwa wurin shaƙatawa na Yellowstone tun yaran suna firamare, yanzu babbar ta yi aure. Ta daina tambayar yaushe. Ta lura dai tukunyarta ta miya ta ɓace, ta kuma gan ta a ƙarƙashin motar cike da notuna. Ita ce ke rubuta tallan sayarwa idan ranar ta zo, da kalmomin da duk irin wannan talla ke ɗauke da su: an gama mai wuyar, saura ƙananan abubuwa, tana tashi lafiya lokacin da aka ajiye ta.

Sai wani tsoho da duk waɗannan ba sa son a kawo zancensa. Winnebago ce da shi mai injin Dodge 440, irin wanda aka daina ƙerawa tun 1978. Tana hayaƙi, tana zubar da baƙin mai, sai an buga totur sau uku an yi mata magana mai daɗi kafin ta tashi. Kowa ya ba shi shawara, kowa ya ce masa ba za ta kai ƙarshen unguwa ba. Duk watan Janairu sai ya loda katan guda na baƙin mai a ƙarƙashin gado, ya kama hanyar Quartzsite a hamadar Arizona, inda masu motar-gida ke taruwa gudun sanyi, yana tafe yana tsayawa yana ƙara mata. Daga can yake aiko wa Malam Tunda-An-Buɗe katin gaisuwa, yana tambayar ko an zaɓi labulen.