Idan Direba Ya Rage Rediyo: Ire-iren Fasinja a Shingen 'Yan Sanda

Ba a sanin halin fasinja a tasha. A Unguwa Uku kowa mutumin kirki ne: a yi sallama, a matsa wa juna, a miƙa goro, a taru a tsine wa tsadar fetur. Sai mota ta wuce Kwanar Dangora, direba ya rage rediyo, ya sassauta gudu, an hango tsofaffin tayoyi jere a tsakiyar titi da mai baƙaƙen kaya yana ɗaga hannu, sannan kowa yake kwance ainihin kayan da ya ɗauko. Tun 2012 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umarnin kwashe shingaye daga manyan hanyoyi, wasu daga cikin waɗanda suka gaje shi ma sun maimaita, amma shinge yana nan, fasinja ma yana nan. Ga waɗanda hanya ta haɗa ni da su, na kuma san ta haɗa ku.

Alhaji Ka-San-Ko-Ni-Wane-Ne

Shi bai san doka ba, mutane ya sani. Kafin jami'i ya rufe baki daga cewa "direba, faka", ya zaro ƙatuwar wayarsa yana laluben lambar wani Kwamishinan 'Yan Sanda da suka taɓa zama kusa da juna a wurin ɗaurin aure. Ya buɗe sifika don kowa ya ji. Kowa kuwa ya ji: lambar da ake kira a kashe take. In an yi sa'a ta shiga, a tarar mutumin ya yi ritaya tun zamanin Jonathan, kiwon kaji yake yi. Alhaji ya mayar da waya aljihu, ya ce netwok ɗin wajen nan ba kyau, ya zuge jakarsa da hannunsa.

Malam Wallahi-Kuka-Ce

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ma damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Wannan bawan Allah ba a kama shi ba, ba a ko dube shi ba, amma ya fara ba da jawabi. "Ranka ya daɗe, buhun nan wallahi kuka ce, ɗayan kuma daddawa, na ƙanwar matata ne a Tudun Wada, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne." Ya miƙa katin ɗan ƙasa, da na zaɓe, da na asibiti, da wayar da ba a tambaya ba, har da lambobin buɗe ta. Jami'in da ya yi niyyar ɗaga hannu mu wuce dole ya dakata, don ba a yin irin wannan rantsuwa a kan kuka sai da dalili. A kwance buhu. Kuka ce.

Barista

Wannan shi ne gwanina, shi ne kuma wanda ya fi kowa cinye min lokaci a duniya. Barista bai taɓa leƙa ajin koyon lauya ba. A zauren WhatsApp na 'yan ajinsu na sakandare ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa a Facebook. Tun a tasha za ka shaida shi: ya biya kuɗin gidan gaba, tabarau a goshi, biro biyu a aljihu, da wata 'yar jakar takardu da ba wanda ya taɓa ganin cikinta. Ba a fita gari ba ya buɗe karatu, cewa babbar matsalar talakan Najeriya ita ce bai san 'yancinsa ba. Fasinjoji su ce "haka ne, Malam", don ba su san abin da ke jiransu ba.

An tsaya. Jami'i ya leƙo ya ce, "Sannunku da hanya. Direba, buɗe but." Direba ya kai hannu ƙofa, Barista ya dafe shi. "Dakata! Ofisa, ina warantinka?" A nan tsohuwar da ke kujerar baya take fara salati, mai goyo ta gyara zama, don kowa ya san azahar ta tafi, sai fatan la'asar. Barista ya sauko da tabarau kan hanci, ya ɗaga manuniya, ya karanto sashe na 500 na tsarin mulki. Kundin gaba ɗayansa sashe 320 ne, amma wannan ba ya damun Barista. Ragowar 180 ɗin nasa ne, shi ya rubuta abinsa. Rai yana ɓaci Hausa take gagararsa, ya koma Turanci irin na finafinan Amurka, yana neman a ba shi damar kiran waya sau ɗaya. Wayar tana hannunsa, ba wanda ya hana shi kira, caji ne kawai babu. Daga nan sai barazana hawa-hawa: DPO, Kwamishina, Sufeto Janar, kotun ECOWAS da ke Abuja. In jami'in bai girgiza ba, sai Kotun Duniya a birnin Heg na ƙasar Holan. Duk a kan but ɗin Sharon mai buhun albasa biyu.

Abin takaicin, rabin maganarsa gaskiya ce, ya dai dama ta da rabin da ba ita ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1943, ta ba jami'i ikon tsayar da mutum ko mota ya bincika ba tare da waranti ba, muddin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin akwai kayan sata ko haramtattun kaya. Waranti ba nan ne muhallinsa ba. Abin da dokar ta ɗora wa jami'in shi ne ya kasance cikin kayan sarki ko ya nuna katin shaidarsa, ya faɗi sunansa da caji ofis ɗinsa, ya faɗi abin da yake nema da dalilin nemansa a nan. Batun waya kuwa, sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin wasiƙu da maganganun tarho, hedikwatar rundunar ma ta sha nanata cewa ba aikin jami'i ba ne ya tsaya a bakin titi yana bin saƙonnin mutane. Tambaya uku ce kacal, a tausashe, hannuwa a fili: "Yallabai, sunanka? Daga wane ofis? Me ake nema?" Barista ya san su, gajarta suka yi masa. Ba zai zubar da iliminsa a kan abin da za a gama cikin minti ɗaya ba.

Ƙarshen shari'ar kusan kullum ɗaya ne. Jami'in, wanda tun hantsi yake tsaye a rana, ya zagayo ɓangaren Barista ya ce, "To Malam, sauko mu ga taka jakar." Nan take yatsa ya kwanta, murya ta koma ta mai neman rance. "Haba Yallabai, ai tunatarwa ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu da ku ai ɗaya ne, ƙanena ma kofur ne." A buɗe jakar nan mai tarihi: tsohuwar jarida, cajar da ba ta yi, da ƙullin kilishi. Mota ta tashi, a yi tafiya mai ɗan nisa ba wanda ya ce uffan, sannan Barista ya juyo ya dubi jama'a. "Kun ga yadda jikinsa ya yi sanyi? Da ba na nan, da yau sai ta Allah." Daga nan har Zariya sharhin hukunci ake saurare.

Haushinsa ba ya kai min zuci. Ko ba komai, shi kaɗai ne a motar ya yarda akwai wata aba wai ita doka, kuma don irinmu aka rubuta ta.

Hajiya

Haƙƙi ɗaya ta sani, ta kuma san shi sarai: namiji ba ya laluben mace. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da ta 'yan sanda duk sun ce a yi bincike cikin mutunci, mace ta binciki mace, sai in gaggawa ta hana. Hajiya ba ta san shekarar ba, ba ta kuma buƙata. "Ɗan nan, a kira min 'yar'uwata mace, ina nan zaune." Matsalar kawai, a fahimtar Hajiya hukuncin ya haɗa da kulolinta huɗu, da ƙullin atamfofi, da gana-mas-go ɗin da ke cikin but. Duk mata ne.

Ɗan Jaridar Gaggawa

Rundunar ta ce ba laifi ba ne a ɗauki jami'i hoto yana bakin aiki, shi kuwa iyakar abin da ya ji ke nan. Ya hau Facebook kai-tsaye: "Jama'a ku yaɗa, ga abin da ke faruwa yanzu-yanzu!" Abin da ke faruwa shi ne ana duba lasin direba. Ka kalli bidiyon daga baya, fuskarsa ce ta cika shi, da hancinsa, da rufin mota. Sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta kafa a 2015 suna zai tambaya, da wuri, da lokaci, da lambar motar sintiri. Ko ɗaya bai ɗauka ba, amma ya ƙaru da mabiya.

Direba

Takardunsa a cike suke, lasin da inshora da komai, cikin leda a aljihun gaban mota, sun shekara ba su sha iska ba. Hannunsa na hagu ne mai magana: ya fita taga a dunƙule, ya dawo a buɗe. Ka ce masa dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai bayarwa, ba mai karɓa kaɗai ba, ya dube ka ta madubi. "Malam, kai yau kawai ka biyo hanyar nan. Ni gobe ma ina nan, jibi ma haka." Har yau ban ji fasinjan da ya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba.

Mai Barcin Shinge

Idonsa biyu tun daga tasha, amma yana hango tayoyi barci yake kwashe shi, hula ta rufe ido, har da ɗan minshari na ƙawa. Yawanci ya fi kowa a motar sanin doka, sassan da lambobinsu daidai. Yana jin komai, yana ajiyewa, wai zai rubuta a jarida. Ba zan tsananta masa ba, ina da dalilaina.

Malam Direba-Mu-Tafi

A nan wasa ya ƙare.

An sauke wani yaro daga mota. Ɗalibi ne mai komawa Samaru da kwamfuta a jakar goyo da askin zamani. Wata ran Bafulatani ne da sandarsa, wata ran mai gemu da ɗangalallen wando. Ba a samu komai a jikinsa ba, ana dai ta juya shi, shi kuma yana ta waiwayen mota. Sai wannan mutum, mai farar shadda da carbi a hannu, ya gyara murya. "Ai da ganin askin nan ka san ba ɗan arziki ba ne. Direba, sauke masa jakarsa mu tafi, muna da uzuri." Ba wanda ya tambaye shi. Shi ya kai kansa shaida, shi ya yanke hukunci, ya kuma nemi a gaggauta kada a tashi kasuwa.

Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ya faɗa ƙarara cewa launin fata, ko shekaru, ko aski, ko irin suturar mutum ba sa zama dalilin zargi. A watan Satumba na 2020 Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu. Wata mai bi masa matasa suka cika tituna da zanga-zangar EndSARS a kan ainihin wannan abu, tsare yaro saboda gashinsa da wayarsa da kwamfutarsa, har aka rusa SARS ranar 11 ga Oktoba. Abin da majalisa ta hana mai bindiga, shi wannan fasinja ya halatta wa kansa daga kujerar tsakiya.

Ya sani ko bai sani ba, duk sauran haƙƙoƙin yaron a kan motar nan suka rataya. Doka ta ce a gaya masa dalilin kama shi, a sanar da danginsa, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a idan tsarewar ta saɓa ƙa'ida. A bangon caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana nan, hukumar ba marasa hali lauya kyauta tana nan tun 1976. Amma duk waɗannan ba sa motsi sai wani ya san an tafi da yaron, ya kuma san inda aka kai shi. Waɗanda suka gani da idonsu sun yi gaba, uwarsa tana can tana kiran waya ba a ɗauka. Jami'in kirki ma, kuma akwai su, ya fi samun bakin ce wa abokin aikinsa "rabu da shi ya tafi" idan mota na tsaye, idanu na kallo.

Abin da ake nema a wurin fasinja bai kai aikin Barista wahala ba. A ce, "Yallabai, tare muke da shi, za mu jira." In dole sai an tafi da shi, a tambayi wane caji ofis, a karɓi lambar mahaifinsa ko yayansa, a kira kafin mota ta tashi, a rubuta sunan da ke ƙirjin jami'i da lokaci. Ba gardama, ba zagi, ba cin kwalar kowa. Abin minti 10 ne. Mutumin nan zai tsayar da mu fiye da haka a Zariya yana zaɓen tsire, yana cewa a ƙara masa yaji, amma waɗannan 10 ɗin ne za su rushe masa uzuri.

Barista yakan karaya idan an zo kan jakarsa, amma ban taɓa jin ya ce a tafi a bar wani ba. Da a haɗa ni mota da Malam Direba-Mu-Tafi, gara a cika min ita da Barista har but. Za mu shiga Kaduna bayan isha'i, kunnuwa sun gaji, an kai ƙarar kowa Heg, amma ba za mu bar ɗan kowa a hanya ba.