Fom Ɗin Da Ke Raba Aure

Fom a manhajar Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, ba ya yanke hukunci da kansa sai an gindaya masa sharaɗi: idan kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi wani abu. Ana rubuta sharaɗin da harshen VBA, da kalmomin If, Then da Else, sannan a rataya shi a kan wani motsi na fom ɗin.

A ɗauki rajistar ma'aikata mai gurbin matsayin aure da gurbin sunan mata. Ana so na biyun ya ɓuya ga marar aure. Sai a rubuta sharaɗin a AfterUpdate na gurbin farko, wanda ke tashi da zarar an canza abin da ke ciki, a ce Visible, wato bayyanar gurbin mata, ya zama True ga magidanci, False ga waninsa.

Sabon shiga a nan yake miƙewa ya karkaɗe riga. Amma AfterUpdate ba ruwansa da juyawa zuwa bayanan mutum na gaba. Tuzurun da ya biyo bayan magidanci a layi sai ya tarar da gurbin mata a buɗe, babu sadaki babu waliyyi. Maganin shi ne a kira wannan sharaɗi a Current na fom ɗin ma, wanda ke tashi duk lokacin da aka juya zuwa bayanan wani.

Sai Null, wato gurbin da ba a cike ba. Kwatanta shi da kowane abu ba ya ba da "eh", don haka zance ke zamewa zuwa Else. Alhaji mai mata huɗu, wanda akawu ya tsallake gurbinsa saboda an tayar da salla, fom zai lissafa shi cikin gwauraye. IsNull ko Nz ne ke tare wannan ƙofa.

Ɓarnar ta fi girma a fom mai jero mutane layi-layi. Gurbin da ido ke gani sau ɗari, a wajen Access guda ɗaya ne tak. In aka ɓoye shi don masinja marar aure, matan kowa sun tafi, har na darakta. A nan Conditional Formatting ake nema, wanda ya zo da Access 2000; yana iya canza launin gurbi ko ya kulle shi a layi guda, amma ba ya ɓoye shi.

Ɓoyewa kuma ba gogewa ba ce. Wanda aurensa ya mutu, sunan tsohuwar matar na nan kwance a teburin bayanai, kuma rahoto daga can yake ɗebowa. Idan ba a mayar da gurbin Null ba, katin gayyatar walimar ƙarshen shekara zai fita da sunanta, ya faɗa hannun amarya.