Alhaji, Tashi Mu Taka

A wajenmu an san haƙƙin mara lafiya. Ya kwanta, a jera masa matasai, 'yan dubiya su yi ta shigowa da kuloli suna "sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa". To, wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ba ya morar ko ɗaya. Abin da ke cikin kulolin ba shi da inda zai zuba shi. A aikin da aka fi yi yanzu, likita yakan yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi ya fitar, ya bar ɗan siririn abu mai siffar ayaba. A ɗaya aikin, wanda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka cikin shekarun 1960, abin da ake bari bai wuce girman ƙwai ba. Kwanciyar kuwa, awanni kaɗan da farfaɗowarsa wani zai tsaya a kansa ya ce, "Alhaji, tashi mu taka."

Wannan shi ne likitan fisiyo, wanda mutanenmu ke kira mai gashin ƙashi. Jin sunan, majinyaci yakan sa ran tawul da ruwan ɗumi. Sai a miƙo masa doguwar safa mai matse ƙauri, da wata 'yar roba mai ƙwallaye uku a ciki. Za ka ga dattijo mai jikoki ya dage yana zuƙar iska don ƙwallo ya tashi, iyali sun kewaye shi suna ƙirgawa. Don Allah kada kowa ya hana shi. Bayan maganin barcin tiyata ƙasan huhu yakan lafe, zafin yanka ya hana dogon numfashi, majina ta taru, daga nan sai ciwon huhu. Takawar kuma saboda jini ce. Idan ya daɗe kwance a jijiyar ƙafa yakan daskare, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma yana kisa. Masu zuwa Indiya ko Turkiyya ko Masar a yi musu aikin su riƙe wannan: zaman jirgi na awanni shi ma kwanciya ce, a riƙa tashi ana zagayawa.

Takawa tana tada hanji daga barci. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya za ta tambayi babban mutum, a gaban surukinsa, ko ya saki iska. In ya ce e, ta rubuta a fayil, kuma albishir ne na gaske.

Babban aikin yana gida. Jikin da aka rage wa abinci kamar magidanci ne da albashinsa ya karye: zai fara sayar da kayan ɗaki. Kitse ake so ya sayar, amma shi bai san da wannan yarjejeniya ba, duk abin da ya ga ba a amfani da shi sai ya kai kasuwa, har da tsoka, har da ƙarfin ƙashi. Sikeli zai yi ta sauka, gida ana ta murna, alhali mutumin da ya zubar da kilo talatin ya kasa miƙewa daga tabarma sai an kama shi. Hanya ɗaya ce ta gaya wa jiki cewa wannan cinyar ba ta sayarwa ba ce: a sa ta aiki, a kuma ba ta furotin, aƙalla giram 60 a rana, daga ƙwai, kifi, nono, wake.

Makonni huɗu zuwa shida na farko tafiya ce kawai, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, da gorar ruwa ana kurɓa. Ba ɗaga jarka, ba ɗaga buhu, ba ɗaukar jika komai kukansa, don kada wurin yankan ya buɗe daga ciki hanji ya leƙo. Likita na ba da izini, sai a shiga zama da tashi a kan kujera, da jan igiyar roba, da tura bango. Bangon ba zai matsa ba, kuma ba a buƙatar ya matsa. Inda aka nufa shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: minti 150 na motsa jiki a mako, da ranaku biyu na ƙarfafa tsoka.

Gwiwa ce ke fara godiya, domin kowane kilo da ya tafi yana sauke mata kusan kilo huɗu a kowane taku. Wanda ya shekara yana salla a kan kujera, burinsa goshi ya koma ƙasa, kuma fisiyo yana iya tsara atisayen da wannan niyya, mataki mataki.

'Yan dubiya da suka ƙi zuwa hannu rabbana, su kawo takalmin tafiya. Sai dai a tambayi lambar ƙafarsa tukuna, don ita ma takan ragu.