Taƙaitaccen Bayani Kan Ladabin Ƙofar Gareji da Yadda Ake Jarraba Ta

Muƙaddima

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, ƙofofin duniya iri biyu ne: wadda ake rufewa da wadda ke rufe kanta. Ta farko ba ta bukatar littafi. Ta biyun, wato ƙofar garejin mutanen Amurka mai saukowa daga sama idan an danna maɓalli, ita ta sa aka zauna majalisa, aka yi doka, aka buga ƙa'idoji masu lamba. Ƙofa ce mai nauyi, ta garejin mota biyu kan haura kilo 60 ba tare da wahala ba, tana rataye bisa kan mai gida da iyalinsa da karensa. Injin da ke tura ta kuwa bai san bambancin daɓen siminti da ƙirjin yaro ba sai an koya masa. Wannan koyarwa ita ce fanninmu.

Fasali na ɗaya: asalin fannin

Wani bawan Allah mai suna C. G. Johnson ne ya ƙirƙiro ƙofar gareji mai hawa sama a 1921, sannan a 1926, a garin Hartford City na jihar Indiyana, ya ƙara mata injin lantarki. Da haka ƙofa ta iya hawa, ta iya sauka. Abin da ya rage shi ne ta san lokacin da ya kamata ta fasa, kuma sai da aka shafe shekara fiye da 60 kafin wannan ya zama wajibi. A shekarun 1980 hukumar CPSC, mai kula da haɗarin kayan da ake sayar wa jama'a, ta tara rahotannin ƙananan yara da ƙofa ta danne har suka rasu. Nan babu wasa. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta zartar cewa duk injin da aka ƙera daga 1 ga Janairun 1991 sai ya bi ƙa'idar da ake kira UL 325, daga farkon 1993 kuma sai an ƙara masa kariya ta biyu. Tun daga nan ƙofa mai tarbiyya take da gaɓoɓi biyu, ji da gani.

Fasali na biyu: ji

Ji shi ne injin ya fahimci cewa abin da yake turawa ya yi masa gardama. Ƙa'ida ta ba shi daƙiƙa 2 daga lokacin da ƙofa ta taɓa wani abu: ya tsaya, ya juya, ya koma sama. Haka nan idan ya yi daƙiƙa 30 yana saukowa bai kai ƙasa ba, ya koma inda ya fito. Ba a lissafa masa wannan a matsayin gazawa, domin ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kayan jarrabawa guda ɗaya ne, guntun katakon da Amurkawa ke kira biyu-da-huɗu. Ɗalibi ya kiyaye: kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa uku da rabi. Kusan kowa a ƙasar ya san haka. Za a buɗe ƙofa gaba ɗaya, a kwantar da katakon a kan faɗinsa a tsakiyar bakin ƙofa, a ja gefe, a danna maɓalli. Idan ta sauko, ta taɓa shi, ta koma sama, ta ci jarrabawa. Idan ta tsaya a kansa tana nishi, ko ta lotsa shi, ta faɗi, kuma ba a sake amfani da injin sai an gyara.

Masana sun yi saɓani a nan. Wasu masu gyara suna ƙarawa da naɗin takardar goge hannu, hujjarsu ita ce jikin yaro ya fi kusa da taushinta fiye da taurin katako. Magana mafi rinjaye ita ce ta littattafan masu ƙera injin, su kuwa katako suka ambata. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ba a jarrabawa da ƙafa, ko hannu, ko maƙwabcin da ya ari tsani bai mayar ba.

Fasali na uku: gani

Idanu biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana kafa su kada su wuce inci 6 daga ƙasa, kimanin santimita 15, domin su riski yaro mai rarrafe ko wanda ya faɗi kwance. Ɗaya yana aika haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani, ɗayan yana karɓa. Muddin suna kallon juna, ƙofa na da izinin sauka. Da zarar wani abu ya gitta, izini ya ƙare.

Jarrabawarsu biyu ce. Ta farko, a ajiye kwali a tsakaninsu a danna rimot: ƙofa ta ƙi sauka. A injinan Chamberlain da LiftMaster fitilar injin kan ƙifta sau goma, wanda shi ne iyakar abin da aka yarda ta faɗa don nuna ɓacin rai. Ta biyu, a bar ƙofa ta fara sauka sannan a gitta doguwar tsintsiya ta gaban ido: ta juya nan take.

Abubuwan da ke ɓata gani biyar ne: ƙura, saƙar gizo-gizo, kwandon shara ko keken yara da ya bugi ido ya karkatar da shi, wayar da ɓera ya ɗanɗana, da hasken rana idan ya faɗa kai tsaye cikin ido mai karɓa. Ƙura da saƙa maganinsu busasshen tsumma mai laushi. Na uku, a sassauta ɗan sukurun da ke riƙe da idon, a juya shi a hankali har ƙaramar fitilarsa, wadda kore ce a injinan da muka ambata, ta daina rawa ta tsaya cak, sannan a ɗaure. Waya a sake ta. Rana kuwa ba ta matsawa, don haka a yi wa idon ɗan rumfa da kwali, ko a musanya wa idanun gurbi.

Ya wajaba a yi gargaɗi kan 'yan mazhabar salatif. Su ne waɗanda idan ido ya dame su sai su cire biyun, su haɗa su fuska da fuska, su naɗe da salatif, su liƙa a rufi kusa da injin. Idanun za su rayu suna kallon juna cikin kwanciyar hankali, suna shaida wa injin dare da rana cewa hanya lafiya lau. Shaidarsu gaskiya ce game da rufin.

Fasali na huɗu: sifirin

Jahili yana zaton injin ne ke ɗaga ƙofa. Sifirin da ke kwance a saman ƙofar ne ke ɗauke nauyin, injin rakiya yake yi. Idan sifirin ya gaji, ko sanyin hunturu ya daskarar da giris, ƙofa kan yi nauyi, injin ya ɗauka wani abu ya taɓa, ya riƙa komawa sama ba gaira ba dalili. A nan mai gida kan hau tsani da sukundireba ya ƙara wa injin ƙarfin turawa. Ƙofa ta rufu, ya sauko yana murmushi, alhali abin da ya yi shi ne toshe mata kunne. Hukunci: duk wanda ya taɓa ma'aunin ƙarfi ko na iyakar sauka, jarrabawar katako ta hau kansa kafin ya mayar da tsani.

Ana gane lafiyar sifirin da haka: a rufe ƙofa tukuna, sannan a ja jar igiyar da ke raba ta da injin, a ɗaga ta da hannu zuwa rabi, a saki a hankali. Idan ta tsaya, madalla. Idan ta zube ko ta tsere sama, a kira mai gyara. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa kusan 10,000, wato kimanin shekara bakwai ga gidan da ke buɗe ƙofa sau huɗu a yini. Ɗaure shi aikin gwani ne. Wanda ya koya daga bidiyo da daddare zai iya kammala karatunsa a asibiti da safe.

Mas'aloli

Idan aka ɗauke wuta fa? Jar igiya ce mafita. Amma bayan gobarar dajin 2017, inda wasu suka kasa fitar da motocinsu daga gareji, jihar Kalifoniya ta wajabta batir na ko-ta-kwana ga duk injin da aka sayar ko aka kafa daga 1 ga Yulin 2019.

Injin da ya girmi 1993, marar idanu, mene ne hukuncinsa? A gode masa, a sauke shi.

Mutumin da ke danna maɓallin bango sannan ya ruga da gudu, ya duƙa wa ƙofa, ya tsallake hasken ido a lokaci guda? Ya nuna gwaninta, amma yaransa na kallo. Don su aka ce a kafa maɓallin aƙalla ƙafa 5 daga ƙasa, kuma kada a bar rimot a hannunsu.

Kammalawa

Littattafan masu ƙera injin sun haɗu a kan cewa jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta kowane wata, kuma ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ji yana da katako, gani yana da kwali, sifirin yana da jar igiya. Saura gaɓa ɗaya da ƙa'idar UL 325 ba ta iya daidaitawa, wato mai gidan. Hanyar jarraba shi ita ce a tambaye shi ina katakonsa. In ya nuna shi jingine a bayan ƙofa, da ɗan tabon roba a tsakiyarsa, ya ci. In ya ce "wane katako?", ya faɗi, kuma har zuwa rubuta wannan bayani ba a fara sayar da kayan gyaransa ba.