Mu da telan unguwarmu

Daren jiya a teburin mai shayi aka tayar da zancen teloli, kamar yadda muka saba duk shekara idan azumi ya kai ashirin. Wani ya ce tun watan Sha'aban ya sayo shaddarsa a Kantin Kwari ya kai ɗinki, har yau ko almakashi ba a sa mata ba. Kowa ya sa baki, aka yi wa telan tatas. Can sai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ajiye kofinsa ya ce, "To ɗana, kai fayil nawa ne a kan teburinka tun Sha'aban ɗin?" Wuri ya yi tsit, sai ƙarar cokali.

Ai gaskiya Baba ya faɗa, kuma ba laifin azumi ba ne, ko a sauran watanni haka muke. Mutum ya idar da sallar Asuba kansa garau, gari da sanyi, sai ya koma ya ja bargo. Ƙarfe goma ya isa ofis. Kafin ya zauna sai ya bi ɗaki-ɗaki: ina kwana, ya iyali, ya gajiya, ya aka ji da zafi. Gaisuwa ba laifi ba ce, amma tamu har da zama da sharhin siyasa. Daga nan sai waya. Zauren WhatsApp na dangi, na 'yan ajinmu na sakandare, na masallacin unguwa, ga gardamar Barcelona da Real Madrid da ba a ƙarasa jiya ba. Kafin ka ankara an kira Azahar.

Sai fa an dawo daga masallaci, an cika ciki da garau-garau, mai da yaji sun ji, sannan muke jawo aikin da ke bukatar tunani. A watan Afrilu kuwa zafin Kano kan haura digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cik. Wace ƙwaƙwalwa ce za ta yi lissafi a haka? Sai a ɓantari goro. Goro yana korar gyangyaɗi kam, amma ba ya dawo da safiyar da aka kashe a hira. Mai neman sa hannu ya zo, a ce masa, "Ka dawo gobe."

Abin dariyar, iyayenmu manoma sun riga mu sanin wannan ba tare da zuwa wata bita ba. Da sassafe suke shiga gona, kafin rana ta take sun ci ƙarfin aikin, sauran kuma a ƙarƙashin inuwa. Mai ƙosan layinmu ma kafin ƙarfe tara ta wanke kaskonta.

Ni dai ban ƙara cewa uffan a kan teloli ba. Nawa ya ce in dawo ranar jajibere, ni ma akwai rahoton da na ce wa oga zan kawo tun makon jiya.