Yadda Ake Zaɓen Gado Ba Tare Da An Ɓata Da Taga Ba

Rikicin gado da taga daga al'adarmu ya samo tushe: wanda ya nemi ɗaki daban, wanda ya sayi gado daban. Ango ne ke kama gida, uban amarya ne ke biyan kuɗin kayan ɗaki, kuma bayin Allahn nan biyu suna jin nauyin juna har babu mai iya buɗe baki ya tambayi ɗayan faɗin bango. Kafinta kuwa bai taɓa taka unguwar ba. Hoto aka tura masa ta WhatsApp, na wani gado da aka ɗauka a wani ɗakin Turkiyya mai faɗin tsakar gidan gandu, aka ce irinsa ake so, kada a rage ko maɓalli ɗaya. Sai ranar jere, an sauke kaya daga a-kori-kura, an ɗaure kusoshi, 'yan jere su tsaya cirko-cirko suna kallon allon gado ya haɗiye rabin tagar dama da rabin ta hagu. Daga nan wata ta ce laifin magini ne.

Iyayenmu ba su san wannan damuwar ba. A ɗakin ƙasa taga 'yar ƙarama ce can sama kusa da azara, gado mai rumfa kuma ƙarfe ne siriri, iska na ratsa shi ta ko'ina. Yanzu gini ya koma na bulo, taga ta faɗaɗa ta sauko ƙasa, allon gado kuma kullum ƙara tsayi yake yi. Dole wata rana su haɗu.

To 'yar'uwa amarya, aikin yana farawa ne tun ranar da danginki za su je ganin ɗaki. Za a tura Gwaggo, kuma ya kamata a tura ta, don ita ce za ta gane ko ɗakin na yoyo daga kallon silin kawai. Amma Gwaggo da mayafinta take awo. Za ta ware shi a jikin bango ta ce biyu da ɗan kai, ta dawo gida ta canza mayafi. Wata kuma da taku take yi, takun da ke raguwa idan ƙafa ta gaji. Kada ki yi wa Gwaggo gardama. Ki haɗa ta da ƙaninki ɗan sakandare, ki saka masa tef ɗin awo da biro a aljihu, ki ce rakiya zai yi. Ya auno faɗin bangon da ke tsakanin tagogin biyu, da tsayin da ke tsakanin daɓe da bakin taga, da faɗin ƙofar ɗaki, ya kuma duba ta wane gefe ake buɗe kowace taga. Ya rubuta da inci a takarda. Abin da aka riƙe a ka, kafin a iso gida ya ƙaru da ƙafa guda, musamman idan ana son ango.

Yanzu a zauna a yi lissafi. A ɗauki ɗaki irin na yawancin gidajen haya, ƙafa 12 kowane gefe, da tagogi biyu a bango ɗaya, kowacce faɗin ƙafa 3, an bar ƙafa guda a kowace kusurwa. Abin da ya rage a tsakiya ƙafa 4 ne. Katifar da kafintoci ke kira sikis-bai-sikis, ko ta Vitafoam ce ko ta Mouka, faɗinta inci 72 ne, tsawonta yawanci inci 75. Amma katifa ba ta zama a iska. Katakon da ke riƙe da ita zai ci wasu inci a kowane gefe, allon kuma ya ɗan fi shi, sai ki ga an kai ƙafa 6 da rabi. Ke nan allon ya shiga kowace taga da inci 15, a tagar da duka-duka inci 36 ce. In kuma mai zugewa ce ta alminiyon, dama rabinta kaɗai ke buɗuwa. Ba a ma zo kan durowoyin gefe ba, waɗanda yanzu ake manna wa allon su zama jiki ɗaya, kowacce da nata ɗan allon da madubi da fitila. Da su, gadon ya haura ƙafa 9, kuma tagogin sun zama tarihi.

A nan ne mutane ke yanke hukuncin da bai dace ba. Wasu su ce a haƙura da taga, wasu su ce a rage gado. Ni kuwa cewa nake a fara raba katifa da allo, don ba aikinsu ɗaya ba. Katifa ta masu ɗaki ce, a kanta za a kwana shekara da shekaru. Allo na 'yan ganin ɗaki ne, waɗanda za su zo kwana biyu su yi guɗa, su ɗauki hoto, su ci alkaki su tafi. Idan dole wani ya yi haƙuri, allon ne.

Bakin taga a yawancin gidajenmu yana kusan ƙafa 3 daga ƙasa. Gindin gado da katifa mai kaurin inci 10 za su kai kusan ƙafa 2. Saura ƙafa guda, kuma ƙafa gudan nan ta isa ta tare matashin kai kada ya faɗa baya, wanda shi ne asalin aikin allo tun ran gini tun ran zane. Ki ce wa kafinta ya tsayar da allon a ƙarƙashin bakin taga. Zai ɓata rai. Zai ce, Hajiya, ai wannan ba ya fitar da aiki. Ki ba shi haƙuri, ki ce ya zuba duk fasaharsa a jikin wadrob, can babu tagar da zai tsare. Idan kina son wurin jingina don karatu ko shayar da jariri, akwai dabarar da na fi so: tsakiyar allon ta yi tsayi daidai faɗin bangon da ke tsakanin tagogin, fikafikansa biyu su sauko ƙasa da bakin taga. Wanda ya shigo zai ɗauka tun farko tare aka zana ɗakin da gadon. Mai son ƙarfe kuma ya je wurin mai walda, a yi masa allo mai sanduna, iska da haske su wuce abinsu.

Kada kuma kaurin katifa ya ruɗe ki. Ana yayin mai inci 18 da 20, wadda sai an yi tsalle ake hawa. Duk incin da kika ƙara mata, daga rabon allon kika cire, kuma kanki ne ke ƙara matsowa bakin taga.

Mai yiwuwa a ce duk wannan wahalar saboda 'yar taga? A bari watan Afrilu ya zo. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi kan haura maki 40, bulo ya sha rana ya riƙe ta har tsakar dare, a ɗauke wuta fanka ta tsaya. A daren nan babu wanda ke tuna maɓallan allo. Lokacin ne kuma na sanƙarau, da ma'aikatan lafiya ke ta kira a rediyo a daina cunkoso a ɗaki marar iska. Ga gidan sauro, wanda wajibi ne, shi ma yana rage wa mai barci iska. Ɗakin da aka toshe masa taga, maigida zai ɗauki tabarma ya koma tsakar gida, amarya ta bi shi da matashi, gadon da Baba ya sayar da buhunan masara ya saya ya kwana shi kaɗai.

Sai dai ba duka tagogi ne darajarsu ɗaya ba, kuma ƙaninki ya kamata ya dubo wannan ma. Tagar kudu ko ta yamma ita ke karɓar iskar damina mai daɗi, ko da yake ta yamma tana biyan kuɗin da ranar la'asar. Ta gabas kuwa ta nan hadari ke bugowa, duk mai gidan ƙasa ya san bangon gabas ke fara cinyewa. In allonki na MDF ne, kamar yadda yawancin na yanzu suke, feshin ruwa biyu ko uku ya isa ya kumbura shi ya fara ɓarewa, kuma ba ya komawa. Ta arewa ita ce ƙofar hunturu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura za ta shigo ta zauna a kowane ramin maɓalli na allon karammiski, sai an bi da buroshi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma tagar da magini ya yi don cika ƙa'ida, wadda ke kallon katangar maƙwabci taku biyu, ko kwata. Wannan in allo ya ɗan rufe ta ba a yi babbar asara ba, muddin ɗayar na numfashi. Tagar da janareta ke bayanta kuwa maganarta ta wuce raha. Hayaƙinsa na kisa cikin barci, a kai shi nesa kafin a fara zancen gado.

Idan taga na kallon lungu, a tuna da masu doguwar sanda. Ƙarfen taga na hana mutum shigowa, amma ba ya hana ƙugiya ɗaukar wayar da aka bari tana caji a saman allo.

To in an auna, an juya, allon dai sai ya taɓa taga fa? A taɓa da adalci. A sa gadon a tsakiya cif, abin da ya ci a dama ya ci a hagu, don ido na yafe shiga amma ba ya yafe karkata. A janye gadon daga bango kamar inci 5, labule ya samu hanyar wucewa, hannu kuma ya isa ga mariƙin taga ba sai an hau kan matashi an yi ruku'u ba. A sa sandar labule doguwa guda ta ratsa bangon gaba ɗaya, labulen ya sauka a bayan allo. Durowoyin gefe a raba su da gadon, su zama gajeru masu zaman kansu.

Batun rage katifa shi ne na ƙarshe, kuma ina jan kunne a kansa. Mai inci 60 tana isar mutum biyu lafiya lau, ta kuma sama miki ƙafa guda a bango. Mai inci 54, fo-an-haf, ta ɗakin baƙi ce ko ɗakin saurayi. Amma amarci ba ya daɗewa su biyu. In Allah ya kawo rabo, za a samu ɗan ƙaramin mutum da ba ya kwanciya sai a gicciye, ƙafa a haƙarƙarin uba, kai a cikin uwa. Ranar nan za a gode wa wanda ya dage a kan inci 72. In kuma angon dogo ne da ya kai ƙafa 6, tsawo za a ƙara masa, faɗi ba zai hana dugadugansa leƙowa ba.

Akwai wanda zai ce a juya gadon wani bango kawai. In akwai, madalla. Amma ƙofa ta ci ɗaya, wadrob ta ci ɗaya, na ukun kuma Kaka za ta leƙo ta ce ba za a miƙe ƙafa gabas a ɗakin jikarta ba. A saurare ta tun kafin a ɗaure kusa, don kwance gadon da aka haɗa da la'asar ana jiran kawo amarya da magariba aiki ne da ke raba zumunci.

Saura abu mafi wuya, wato bakin mutane. In gidan mai mata ne, za a zo miki da rahoton cewa gadon uwargida ƙafa 7 ne, kada a raina ku. Ki tambaya a hankali, tagoginta nawa ne, kuma a ina suke? Wataƙila nata bangon babu taga ko ɗaya. In ƙanwar Mama ce ta ce allon ya yi gajarta kamar ba 'yar gata ba, ki ce mata, Inna, zo ki zauna nan bakin gado ki sha iska, ki buɗe mata tagogin biyu. Ba a cika ƙara magana bayan haka ba.

Ga Baba mai biyan kuɗi kuma, Allah ya ƙara buɗi, roƙo ɗaya ne. Yawancin ma'aurata a gidan haya suke farawa, kuma gadon zai bi su gida na biyu da na uku, inda tagogin za su zauna a wani wuri daban. A ce wa kafinta ya yi allon da noti mai kwancewa, gida uku, kowane yanki ya iya wuce ƙofa mai faɗin ƙafa 3 ba tare da an cire ƙyaure ba. Kuma kada a cika masa ragowar kuɗinsa a shago. Ya biyo kayan ranar jere, ya haɗa da hannunsa, a sa ƙaramar yarinya cikin 'yan rakiya ta buɗe kowace taga ta rufe, ta ja labule ta mayar. In ta iya ba tare da ta hau gado ba, a ba shi kuɗinsa har da na shayi.