Masu Tseren Kan Tebur

A Amurka akwai wani tseren motoci da ba a shan kwana a cikinsa. Motoci biyu ne za su jeru kafaɗa da kafaɗa, fitilu su sauko daga ruwan ɗorawa zuwa kore, kowa ya miƙe ɗoɗar, wanda ya riga isa ya ci. Tsawon filin a al'ada kwatan mil ne, wato mita 402, sai dai tun 2008, bayan hatsarin da ya ci ran direba Scott Kalitta, ƙungiyar NHRA mai shirya manyan gasannin ta rage wa motoci mafi ƙarfi zuwa ƙafa 1,000. Waɗannan ba fetur suke sha ba, wani sinadari ne da ake kira nitiro. Ba sa cika daƙiƙa huɗu a hanya, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa, kuma sai an bankaɗo laima ta baya kafin su yarda su tsaya.

To, a gefen wannan hauka akwai wasu bayin Allah da ba su taɓa taka totur ɗin irin motar ba. Su kwali suke saye, cike da gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, su yanko ɗaya bayan ɗaya, su goge, su fenta, su manna, har 'yar mota ta fito. Kamfanonin AMT da Revell da Monogram da MPC sun daɗe suna wannan kasuwa, tun shekarun 1950 da 1960. Yawanci ana ƙanƙance motar sau 25, ta yadda doguwar motar tsere mai tazarar inci 300 tsakanin tayoyin gaba da na baya za ta koma inci 12 a kan tebur. Abin dariyar shi ne ɗaya daga cikin motocin da suka fi sauri a duniya ta faɗa hannun mutanen da suka fi kowa nawa. Kuma ba halinsu ɗaya ba.

Na farko Sarkin Tari. Wannan ba ya gini, saye yake yi. Kwalaye sun cika kabad, sun gangara gareji, sun kori motar gaske waje tana kwana a cikin ƙanƙara. Da ka yi magana zai ce ai da arha ya samu, kuma idan ya yi ritaya zai zauna ya haɗa su duka. Ya yi ritayar, jikoki sun shiga sakandare, kwalayen sai ƙaruwa suke. Ya ƙware wajen fasa-ƙwauri a gidansa na kansa: sabon kwali zai kwana a but ɗin mota sai uwargida ta yi barci. Da safe ta gani ta ce, "Wannan kuma daga ina?" Ya ce, "Haba, wannan ai tsoho ne, ya daɗe a nan." Idan da zai yi lissafi, ko kullum ya gama guda, sai ya bar wa magada saura.

Yana da ƙane wanda ya fi shi tsanani, wanda ko ledar kwalin ba ya yagewa, wai darajar za ta zube. Wannan shi na fi tausaya wa, domin ɓarna tana can ciki tana aikinta shiru. Tayoyin tsofaffin kwalaye da wata roba mai laushi aka yi su, kuma sinadarin da ke sa ta laushi yana narka roba mai tauri idan suka daɗe a manne. Ranar da magaji ya buɗe, sai ya tarar da sawun taya kwance a tsakiyar gilashin gaba, sitikun sun yi rawaya, da an tsoma su a ruwa su wargaje. Kafin ma a kai nan, kamfanin Round 2 da ke jihar Indiyana, wanda yanzu yake riƙe da tsofaffin ma'adanan zubi na AMT da MPC, zai iya wayar gari ya sake fito da wannan motar sabuwa fil, har da zanen kwalinta na da. Jarin shekara arba'in ya koma farashin kanti.

Sai Ɗan Ƙaƙale, wanda kwali ɗaya kan cinye masa shekara. Shi abin da kamfani ya zubo bai taɓa isarsa ba. Je ka same shi da dare: fitila a goshi, tabarau biyu a hanci, numfashi a riƙe, yana huda kan injin da bai wuce babban yatsa ba da wani ɗan ƙarfe da ya fi allura siriri. Wayar fulogi yake son sakawa. Ta gaske kaurinta kamar milimita takwas ne, saboda haka tasa ba za ta wuce sulusin milimita ba. Kuma ba sakawa kawai ba, sai ta bi tsarin tashin wuta na tsofaffin injunan Chevrolet da Chrysler masu silinda takwas, 1-8-4-3-6-5-7-2, wanda ya haddace fiye da lambar wayar matarsa. Idan motar nitiro ta zamani ce, fulogi biyu ne a kowace silinda, wayoyi 16 ke nan. Ƙyallin azurfar da kamfani ya shafa wa sassan ma bai yi masa ba, wai ya cika walƙiya. Sai ya jiƙa su a bilic ƙyallin ya wanke, ya sake fentawa da kansa. Bel ɗin kujera, bututun mai, igiyar jan laima, duk sai ya saka. Bayan wata tara ya ɗauko gangar motar ya kifa a kai, ya manne, komai ya ɓace wa ido har abada. Shi ya sa kafin ya rufe yake ɗaukar hotuna, kuma a wayarsa sun fi na jikokinsa yawa. In ka kuskura ka ce motar ta yi kyau, ka sayi awa guda ta kallon hotunan abin da ke ƙarƙashinta.

Babban abokin gabansa shi ne Alƙali. Ba wanda ya naɗa shi. Zai zo taron masu wannan sha'awa hannuwa a baya, ya sunkuya kan aikinka, ya yi shiru, sannan ya ja tsaki a hankali ya ce, "Ɗan'uwa, wace shekara kake nufi?" Daga nan ka shiga uku. Zai gaya maka cewa injin Hemi na 392 na'urarsa ta raba wuta a baya take, na 426 kuma a gaba, kai ko ka haɗa kan wannan da gindin wancan. Zai ce sitikar kamfanin man da ke ƙofar hagu ba ta hau motar ba sai a tsakiyar kakar tsere. Abin haushin, yawanci gaskiya yake faɗa. Ya san tarihin Don Garlits tiryan-tiryan: yadda a watan Maris na 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyar motarsa ta tarwatse ta raba motar biyu ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama; yadda ya tashi daga jinya ya mai da injin bayan direba, ya ci gasar Pomona a 1971, sauran direbobi suka bi sahu. Saboda haka kada ka sake ka liƙa sunan waccan motar tasa mai inji a baya, Swamp Rat ta goma sha huɗu, a jikin mota mai inji a gaba. Amma ka ce masa, "To ina taka mu gani?" Sai ya gyara tsayuwa ya ce yana nan yana tattara bayanai. Tun ana buga hoto baƙi da fari yake tattara su.

Akwai Sai Gobe, mai motoci goma sha biyu a kan tebur, kowace an fara, ba wadda ta hau tayoyinta. Fenti ya ɗan yi gudaji, ya wanke ya sake. Ya sake yi, ya mayar kwali ya buɗe wani. Ba shi da dogon labari, don bai taɓa kai wa ƙarshen komai ba.

Akwai kuma 'yan ɗarikar ma'auni. AMT da MPC da Revell ta Amurka sun saba ƙanƙancewa sau 25, Monogram da kamfanonin Japan irin su Tamiya sau 24. A jikin doguwar motar nan bambancin rabin inci ne cak. A kan wannan rabin incin dattawa masu furfura ke tada jijiyar wuya, wani ma ba zai jera iri biyun a kanta ɗaya ba, wai idonsa na ciwo. Suna cikin musu sai mai manyan motocin Revell na shekarun 1970, waɗanda aka ƙanƙance sau 16 kawai, ya ratso ya ce duk wasan yara suke.

Mahauci kuwa ba ya ganin mota a kwali, nama yake gani. Zai sayi kwali sukutum don injin kawai, wani don tayoyin baya, na uku don kujera, ya watsa ragowar a wani babban akwati da ya fi shekara ashirin yana cika. Laifin AMT ne, domin tun 1958 ta fara zuba ƙarin sassa a kwali don mutum ya zaɓi yadda zai gina motarsa, ko yadda ta fito daga masana'anta, ko ta gayu, ko ta tsere. Abin da Mahauci ke fitowa da shi ba a taɓa ganinsa a wani fili ba: motar ɗaukar gawa mai inji uku, motar makaranta mai laima. Idan Alƙali ya buɗe baki, yana da amsa a aljihu. Tommy Ivo ya tuƙa mota mai injin Buick huɗu da gaske, Revell ta yi kwalinta. Little Red Wagon kuma 'yar a-kori-kura ce ta Dodge da ta yi suna wajen ratsa fili a kan tayoyin baya, hancinta a sama. In waɗannan sun halatta, wa zai hana shi? Nan kaɗai na taɓa jin an rufe wa Alƙali baki.

Tsohon Yaro ba mota yake haɗawa ba, ƙuruciyarsa yake sake saye da tsada. A 1970 kamfanin Mattel mai motocin wasa na Hot Wheels ya ɗauki nauyin direbobi biyu, Don Prudhomme mai laƙabin Maciji da rawayar Barracuda, da Tom McEwen mai laƙabin Tunku da jar Duster. Yaran Amurka suka rabu gida biyu. Direbobin nan abokai ne, tare ma suka kafa kamfani suna raba riba, McEwen ya rasu a 2018, amma Tsohon Yaro har gobe yana riƙe da gabar. Tambaye shi ina motocin da ya haɗa a lokacin. Rabi shi da kansa ya cusa musu 'yar nakiyar wasa ranar bikin Amurka na 4 ga Yuli ya tarwatsa, rabin kuma mahaifiyarsa ta kwashe ta zubar ranar da ya tafi jami'a. Ya yafe mata komai ban da wannan. Yanzu yana biyan ninkin-ba-ninkin don kwalin da ya saya da kuɗin yankan ciyawa, kuma idan ya buɗe gam sai ka ga idonsa ya kawo ruwa. Yana cewa warin ne.

Ɗan Gasa shi ne mai ban tausayi a ranar taro. Ƙungiyoyi irin su IPMS, mai rassa a ƙasashe da dama, suna shirya gasa inda alƙalan gaske ke yawo da tocila suna neman layin haɗi da ɗigon gam, suna duba ko tayoyi huɗun duk sun taɓa tebur. Zai naɗe motarsa a auduga, ya sa a akwati, ya ɗaura wa akwatin bel a kujerar gaba, ya tuƙa a hankali har masu keke na wuce shi. Ya isa ya buɗe, madubin gefe ya ɓalle. Kofin kuma ya tafi hannun wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta haɗa tata yadda ta zo a kwali, tsaf, ba ƙari ba ragi. A hanyar komawa gida zai bayyana wa matarsa dalla-dalla yadda aka yi son kai.

Abu ɗaya ne ya haɗa su duka, rarrafe. Ɗan ƙaramin sashe na bakin matsefata, ka ɗan matsa, sai fit! ya tashi. Ba ka ga inda ya nufa ba, sai dai ka ji ɗan ƙas a wani lungu. Injiniya ne kai ko likita, sai ka durƙusa da tocila kana shafa kafet. Ba za a gan shi ba sai ka kwana biyu kana sassaƙa madadinsa, sannan ya bayyana a tafin ƙafarka. Wuƙar aikin ma mariƙinta zagayayye ne, tana son gangarowa daga tebur, kuma kowane ɗayansu ya taɓa tare ta da cinya sau ɗaya. Ba a yi sau biyu.

Na bar Gaggawa a ƙarshe da gangan, ko da yake shi ba ya jiran kowa. Ya buɗe kwali bayan cin abincin dare, kafin barci mota ta tsaya. Takardar umarni bai ko warware ta ba. Ba ya yanka sassa, murɗe su yake. Gam ɗin wannan aiki ba manna roba yake ba, narka ta yake har biyun su zama ɗaya, shi ya sa hoton babban yatsan Gaggawa ke zaune daram a gilashin kowace mota tasa, ba mai goge shi. Fenti bai bushe ba ya liƙa sitika, lambar motar ta karkace, taya ɗaya na duban gabas. An ce sauri ya haifi nawa, amma a wannan fage ban ga alama ba: kantarsa cike take, shi kaɗai ne ke tura motarsa a kan tebur yana yi mata kukan inji da baki, kamar yaron da ya gama fafe kara ya ƙera motarsa ya fita da ita layi. Sauran suna yi masa dariya, sannan su bi ta bayan fage su sayi tsofaffin motocinsa don su ɓamɓare su gyara.

In dai ni za a tambaya, Gaggawa ne ya fahimci tseren, domin a fili ma wanda ya isa shi ake ba kofi. Kai kuma mai karatu, idan irin wannan kwali ya taɓa shigowa hannunka, yage ledar a ranar. Ko ba za ka haɗa ba, ciro tayoyin ka ƙulle su a leda daban.